Waiwaye: Lambun Mughal da babu Sarkin Mughal ɗin da ya taɓa taka shi

Duk shekara idan watan Fabrairu ya kama, aka buɗe wa jama'a lambun fadar shugaban ƙasar Indiya da ke New Delhi, sai tsohuwar gardama ta sake tashi. Tun ranar 28 ga Janairun 2023 aka daina kiran wurin Lambun Mughal (sunan daular Musulmi da ta taɓa mulkin Indiya) a hukumance, aka raɗa masa Amrit Udyan, a cikin bukukuwan cikar ƙasar shekara 75 da samun 'yancin kai. Wasu na cewa ana kankare sawun Musulmi ne daga tarihin Indiya, suna kafa hujja da birnin Allahabad da ya koma Prayagraj a 2018. Wasu kuma na cewa lokaci ya yi da fadar jamhuriya za ta yar da sunan sarakunan da suka shigo da takobi. Ɓangarorin biyu duk suna magana kamar gadon Mughal ake rabo, alhali lambun bai cika shekara ɗari da dasawa ba.

Abin da kowa ya sani gajere ne. Babur ya ci yaƙin Panipat a 1526, ya kafa daular Mughal, ya zo da tsarin lambun Farisa da ake kira charbagh, wato fili mai kusurwa huɗu da magudanan ruwa suka raba gida huɗu. Mai karatun Alƙur'ani ba zai rasa gane inda aka samo hoton ba: ƙoramun Aljanna na ruwa da madara da giya da zuma da aka ambata a Suratu Muhammad. Haka aka tsara kabarin Humayun, ɗan Babur, a Delhi, haka Taj Mahal a Agra. Turawan Birtaniya suka tuɓe sarki na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, bayan boren 1857, ya rasu a Rangoon a 1862. A Disambar 1911 Sarki George na Biyar ya sanar da mayar da babban birni daga Kalkata zuwa Delhi, aka ba Edwin Lutyens aikin zana gidan wakilin Sarkin Ingila a kan tudun Raisina.

Inda aka fi tsallakewa shi ne shekarar 1913, kuma a ganina a nan ne aka shuka gardamar da ake girba yau.

Lutyens mutumin lambun Ingila ne. A can gida ya yi suna tare da Gertrude Jekyll, gwanar tsara lambuna, wajen tsara gidajen masu hali, da shimfiɗar ciyawa da jerin furanni a gefe. Gine-ginen Indiya ba su cika burge shi ba, bai kuma ɓoye hakan ba. Da an bar shi da son ransa, da wuya a ce yau akwai wani suna na Mughal da za a yi faɗa a kansa. To amma a wannan shekara wata Baturiya, Constance Villiers-Stuart, matar wani hafsan soja da ke aiki a Indiya, ta fitar da littafi a kan lambunan manyan sarakunan Mughal. Ta zagaya su da ƙafarta, ta zana su, ta ga yadda da yawa suka lalace ko aka mayar da su filin ciyawa irin na Turai. Hujjarta ta mai hankali ce: ƙasa mai zafin Delhi ruwa da inuwa take so, kuma mutanen da suka riga Turawa zama a wurin sun daɗe da gano haka. A ƙarshen littafin ta fito fili ta nemi a bi tsarin Indiya wajen gina sabon birnin.

Maganar ta faɗa kunnen da ya dace. Uwargidan wakilin Sarki na lokacin, Lady Hardinge, ta riga ta ga lambunan Shalimar da Nishat a Kashmir, sun kuma kwanta mata a rai. Ita ta nemi a yi wa gidan lambu irin na Mughal. Ba ta ga ko tsiro ɗaya ba, domin ta rasu a 1914. An kammala zanen a 1917, dashe kuwa sai a 1928 zuwa 1929, ƙarƙashin kulawar William Mustoe, wanda ya cika wurin da wardi.

Son furanni kaɗai bai isa ya bayyana wannan zaɓi ba. Daular Birtaniya da ta baro Kalkata, birnin da 'yan kasuwarta suka raya, ta dawo Delhi ne domin a gan ta a kujerar waɗanda ta gada. Mai son a ɗauke shi magaji kuwa dole ya sa rigar gidan. Shi ya sa abin da ya fito ya zama ruwa biyu: magudanai biyu daga arewa zuwa kudu, biyu daga gabas zuwa yamma, da maɓulɓulan ruwa shida na jan dutse masu siffar ganyen bado, amma tsakaninsu ciyawa ce a shimfiɗe da gadajen furanni irin na Ingila. Lambun Mughal na asali ya fi ba itatuwan marmari da inuwa muhimmanci. Wannan kuwa an yi shi ne domin liyafar shan shayi da yamma. Kalmar Mughal a nan salo take nufi, kamar yadda za a ce hula zanna ko ɗinkin Maroko, ba mai wurin take nunawa ba. Sai dai sunan da ya kwana shekara casa'in a bakin mutane yakan manta dalilin da ya sa aka raɗa shi.

Bayan samun 'yancin kai a 1947 an daɗe ba a damu da sunan ba. Gidan mai ɗaki 340 ya zama Rashtrapati Bhavan, wato fadar shugaban ƙasa, a 1950, kuma filin nan mai eka 15 da a da sai baƙin Turawa ke shiga ya zama wurin da talaka ke bin layi da iyalinsa. Shugabanni suka riƙa ƙara nasu: Zakir Husain da wardinsa, Abdul Kalam da lambun itatuwan magani. Da haka wurin ya zama tarin lambuna, wanda hakan ma na cikin bayanin da aka bayar a 2023, cewa ana son suna guda da zai haɗe su duka.

Wanda ya je a lokacin da aka buɗe lambun zai yi rajista ta intanet, ya shiga ta Ƙofa ta 35 ba tare da biyan ko sisi ba, ban da ranar Litinin da ake rufewa domin gyara. Allon ƙofa ya canza. A ciki kuwa ruwan yana nan yana bin magudanan da Lutyens ya zana, yana yanka filin gida-gida kamar yadda Babur ya so.