Kason ribar mota: abin da mai hannun jari a kamfanin motar lantarki zai fara dubawa

Kason ribar mota shi ne abin da ya rage wa kamfani a cikin kowace dala ɗari da ya samu daga sayar da motoci, bayan an cire kuɗin ƙera su. Kuɗin ƙerar ya haɗa da batir, ƙarfe, kayan wuta, albashin ma'aikatan masana'anta, tsufan injuna, jigila, da abin da aka ware don garanti. Kuɗin bincike, talla da hidimar ofis ba sa ciki, daga baya ake cire su.

Ga yadda ake lissafinsa. A ce an sayar da mota dala 45,000, ƙerarta ta ci dala 37,000. Saura 8,000. Raba 8,000 da 45,000, za ka samu kusan kashi 18 cikin 100. To a ce kamfanin ya rage dala 3,000 a farashi don jawo masu saye. Ragin bai kai kashi 7 cikin 100 na farashin ba, amma ribar ta sauko zuwa 5,000, kason ya koma kusan 12. Fiye da sulusin ribar ya tafi ke nan. Shi ya sa labarin rangwame, wanda ke faranta ran mai sayen mota, yake tayar wa mai hannun jari hankali.

Tesla, kamfanin motar lantarki na Amurka, ta nuna wannan ƙarara. A 2022 kason ribar motocinta ya kai kashi 28.5. A farkon 2023 ta zabge farashi a Amurka da Turai da Chaina, motocin da ta miƙa wa masu saye suka ƙaru zuwa kusan miliyan 1.81, amma kason ya faɗo zuwa 19.4. An sayar da yawa, an ci kaɗan a kowace mota.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne kuɗin takardun hayaƙi. Dokoki a Amurka da Tarayyar Turai sun ƙayyade hayaƙin da motocin kowane kamfani za su fitar. Wanda ya gaza yakan sayi takardun cike gurbi daga wanda ke ƙera motar lantarki zalla. Mai sayar da takardun kusan bai kashe komai a kansu ba, don haka kuɗin yana shiga riba kusan gaba ɗayansa, ya kumbura kason. A 2020 ribar da Tesla ta bayyana bayan cire duk kashe-kashenta dala miliyan 721 ce, alhali takardun sun kawo mata kusan dala biliyan 1.58. A 2024 sun kai biliyan 2.76. Halal ne, amma ba daga ƙwarewar ƙira ya fito ba, kuma doka ce ke riƙe da shi: a 2025 Amurka ta soke tarar da ake ci kan saɓa ƙa'idar shan man motoci, abin da ya rage wa kamfanoni dalilin saye. Saboda haka ka cire kuɗin takardun daga kuɗin shiga da kuma daga ribar, sannan ka sake rabawa. Wannan lissafin na biyu shi ne abin dogaro.

Kada ka tsaya a nan. Gwada adadin motocin da aka ƙera da waɗanda aka miƙa. A wata ukun farko na 2024 Tesla ta ƙera sama da 433,000, ta miƙa ƙasa da 387,000. Motocin da suka taru a fili kuɗi ne a ɗaure, kuma sau da yawa rangwame ke biyo baya. A wancan lokacin tsabar kuɗin da ta fita, har da na gine-gine da injuna, ta ɗara wadda ta shigo da kusan dala biliyan 2.5.

Ƙaramin kamfani da masana'antarsa ba ta cika aiki ba, kasonsa yakan kasance ƙasa da sifili, domin 'yan motoci kaɗan ne ke ɗauke da nauyin ginin duka. Rivian, wani kamfanin motar lantarki na Amurka, sai a ƙarshen 2024 ta fara haura sifili, shi ma da taimakon takardun hayaƙi. Ga irin wannan kamfani, duba ko asarar kowace mota tana raguwa rahoto bayan rahoto, sannan ka raba kuɗin da ke asusunsa da abin da yake ƙonawa duk wata uku, don ka san tsawon lokacin da kuɗin zai ishe shi. Idan bai isa shekara biyu ba, sa ran zai ci bashi ko ya fitar da sabbin hannayen jari, wanda zai rage kason mallakarka.