Haramta auren jinsi a kundin tsarin mulki

Haramta auren jinsi a kundin tsarin mulki mataki ne da wasu ƙasashe ke ɗauka na saka aya cikin uwar dokokinsu, wadda ke cewa ba aure sai tsakanin namiji da mace. Dokar majalisa ta yau da kullum, alƙali na iya soke ta in ya ga ta saɓa wa kundi, sabuwar majalisa ma na iya yi mata kwaskwarima. Abin da ya shiga cikin kundin kansa kuwa, alƙali sai dai ya bi. Shi ya sa gardamar ba kan aure kaɗai take tsayawa ba; tushenta shi ne wa ke da wuƙa da nama, kotu ko majalisa ko masu jefa ƙuri'a.

Takaddamar Amurka

Ba inda aka ja maganar nan da tsawo kamar Amurka. A 1996 shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan Dokar Kare Aure, wadda ta ce gwamnatin tarayya auren mace da namiji kaɗai ta sani. A Nuwamba 2003 sai babbar kotun jihar Massachusetts ta yanke hukunci cewa hana masu jinsi ɗaya aure ya saɓa wa kundin jihar, aka kuwa fara ɗaura irin wannan aure a can a Mayun 2004. Masu ra'ayin riƙau suka ga cewa dokar 1996 ma wata rana kotu na iya yin fatali da ita. A Fabrairun 2004, shekarar zaɓe, shugaba George W. Bush ya fito ya goyi bayan a gyara kundin tarayya.

Gyaran kundin Amurka ba ƙaramin aiki ba ne: sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun yarda, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince. Ƙudurin bai ko kusa ba. A majalisar dattawa, ƙuri'ar share fage ta Yulin 2004 ta tashi 48 na goyon baya, 50 na adawa. A ta wakilai ya samu 227 da 186, rinjaye ne amma bai kai yadda ake so ba. An sake gwadawa a 2006, nan ma ya sha ƙasa.

Magoya baya sun ce alƙalan da ba wanda ya zaɓe su bai kamata su sauya ma'anar aure ga ƙasa baki ɗaya ba. Masu adawa kashi biyu ne. Akwai masu cewa kundi wurin faɗaɗa ƴanci ne, ba na rage shi ba. Akwai kuma ƴan jam'iyyar Bush ɗin, irin su Sanata John McCain, da suka ce aure hurumin jihohi ne, kada tarayya ta tsoma baki. Wannan rukuni na biyu ba a cika ambatonsa ba, alhali yana cikin abin da ya karya lagon ƙudurin.

A jihohi kuwa kasuwar ta yi kyau. Ranar zaɓen Nuwamba 2004 jihohi 11 suka amince da haramcin, Kalifoniya ta bi sahu a 2008, har adadin ya kai wajen 30. Kotunan tarayya sun soke wasu tun da farko, domin kundin tarayya na gaba da na jihohi; sauran suka daina aiki ranar 26 ga Yuni 2015, da Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi a faɗin ƙasar a shari'ar Obergefell, alƙalai 5 na goyon baya, 4 na adawa. Ayoyin na nan rubuce a kundin jihohi da dama, ba a dai aiki da su.

Sauran ƙasashe

Kuroshiya ta saka irin wannan aya ta hanyar zaɓen raba gardama a 2013, Rasha a 2020. Na Romaniya a 2018 ya wargaje don jama'a ba su fito ba. A Afirka, Yuganda ta gyara kundinta a 2005, Zimbabuwe ta rubuta haramcin a sabon kundinta na 2013, Mali kuma a na 2023 ta ce aure haɗin namiji da mace ne. Afirka ta Kudu ta bi wata hanya, ta halatta shi a 2006. Nijeriya ba ta gyara kundinta ba: dokar majalisa ce shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14.

Nijar

Kundin 2010, wanda sojoji suka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya kira aure da iyali tushen al'umma, ya ɗora wa gwamnati kare su. Sai dai aure a Nijar ya fi dogara kan addini da al'ada fiye da takarda. Yunƙurin kafa dokar iyali guda ya sha cin karo da adawar ƙungiyoyin addinin Musulunci, kuma in rikicin aure ya je kotu, alƙali kan zauna da masana al'ada a gefensa.

A Maradi ɗaurin aure a zaure ko masallaci ake yin sa. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki a gaban shaidu, liman ya shafa fatiha, a raba goro da dabino, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. Rajista a ofishin magajin gari daga baya take zuwa, in ma an je. Saɓani kuma kan fara ne daga gaban mai unguwa, ya wuce fadar Sarkin Katsinan Maradi kafin a kai ga kotu. A irin wannan tsari babu ƙofar da auren jinsi zai shigo ta ita, domin fiƙihun Malikiyya da ake bi bai san shi ba. Batun kan taso ne a wa'azi da shirye-shiryen rediyo da tattaunawar ƴan fada, wato majalisar hirar samari, galibi idan an ji labarin wata sabuwar doka daga ƙetare ko daga maƙwabciya Nijeriya.