Mene ne "kafshan", kuma me ake rubutawa a ƙarƙashin hoton yaro yana wasa?

Wata ranar Asabar ƙanwata ta turo mini hoto ta WhatsApp, ko sallama babu, sai ɗan gajeren saƙo: "Yaya, ba ni kafshan." Hoton 'yarta ce mai shekara huɗu, zaune dirshan a tsakar gida. Ta ɗora gwangwanin tumatir a kan duwatsu uku, tana tuƙa tuwon ƙasa da guntun kara, ga ganyen darbejiya da ta yayyaga a murfin kwalba, wai miya. Ƙafafu futu-futu, ɗankwali ya zame ya rufe ido ɗaya.

Kafshan shi ne ɗan rubutun da ake haɗawa da hoto ko bidiyo, a ƙasansa ko a samansa, don ya yi masa bayani. Kalmar Turanci ce da bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Da yake ba mu da harafin "p", sai ya koma "f", kamar yadda aka yi a fensir da fasinja da fasfo. Can asali daga Latin ta fito, daga aikatau "capere", wato kamawa, kuma a tsohon Turancin kotu kama mutum ko ƙwace kaya take nufi, kafin ta koma nufin rubutun da ke kan takarda. Ma'anar farkon ba ta ɓace gaba ɗaya ba, don yau ma aikin kafshan kamu ne: ya kamo idon mai jan allon waya da ɗan yatsa kafin ya wuce.

'Yan jarida sun daɗe suna amfani da shi. A jarida yakan amsa tambayoyi irin su: wane ne, a ina, yaushe. Shi ya sa ake ganin "daga hagu zuwa dama" a ƙarƙashin hotunan taro. Da Facebook ya shigo, Instagram ya biyo baya a 2010, sai kowa ya zama editan kansa. Instagram yana barin mutum ya rubuta har haruffa 2,200, amma layi ɗaya ko biyu na farko kawai yake nunawa, sauran sai mai karatu ya latsa. X kuwa, wato tsohon Twitter, haruffa 280 yake bai wa mai asusun kyauta tun 2017. Saboda haka duk abin da ke da daɗi a sa shi a gaba.

To, me za a rubuta? Kuskuren da na fi gani shi ne maimaita abin da ido ya riga ya gani. "Yara suna wasa." Ai mun gani. Na biyu shi ne kwaso kalaman da suka dace da kowane yaro a duniya: gimbiyata, farin cikina, rabin raina, sai zuciyoyi goma a jere. Ba ƙarya ba ne, amma riga ce ta kasuwa, kowa ya sa ta yi masa.

Abin da hoto ya rasa shi ne sauti. Ba ya jin dariya, ba ya jin gardamar da ake yi kan wanda ya faɗi. Nan ne kafshan yake da aiki. Na tambayi ƙanwata, "Me take cewa lokacin da kika ɗauka?" Ta ce ta miƙa hannu ne da wasa kamar za ta gutsira, sai yarinyar ta kare gwangwanin da hannu biyu ta ce, "A'a Umma, na baƙi ne." Na ce mata ai ga kafshan ɗinki nan, me kike nema a wurina? Babu wani babba da zai zauna ya ƙirƙiro wannan magana. Yara suna zubar da irinta kullum, mu ne ba ma tsincewa.

In yaron bai ce komai ba, sunan wasan ma ya isa. Rubuta "langa" a ƙarƙashin hoton yara maza sun riƙe ƙafa ɗaya suna tsalle, ka ga yadda magidanta masu furfura za su fito suna ba da labarin wanda ya gagara a unguwarsu. Haka carafke, haka gala-gala da aka zana a ƙasa da gawayi, haka motar kara, haka tashe in azumi ya kai goma. Yawancin masu kallo ba ɗanka suke gani ba, ƙuruciyarsu suke gani, kuma sunan wasan ne mabuɗin. Ƙaramar tambaya ta gaskiya, irin "yaya kuke kiran wannan a garinku?", takan jawo hira, don wasa ɗaya yakan yi suna daban a Kano da Sakkwato da Damagaram. Amma wannan dabam yake da roƙon "duk mai son yara ya rubuta amin". Ni dai yana gundurata, kuma tun Disamban 2017 Facebook ya sanar cewa zai riƙa danne rubutun da ke barar sharhi da latsa alamar so.

Akwai abin da ke cikin kafshan ɗin Bahaushe wanda ba a samu a na Bature: "Tubarkallah, Masha Allah." Tsoron baki ne ya kawo shi, kuma sau da yawa shi kaɗai ne rubutun. Wasu iyayen ma sukan rufe fuskar yaron da 'yar alamar murmushi. Sai kuma alkunya. Iyayenmu ko sunan ɗan fari ba sa kamawa, balle su yabe shi a gaban jama'a. Yau za ka ga uwa ta rubuta cikakken sunan ɗan farinta har da na kakansa, surukarta tana karantawa tana girgiza kai.

A nan ne alkunyar da ake wa kallon tsohon yayi ta fi mu dabara. Hoto fuska kawai yake nunawa. Kafshan ne yake faɗin suna, da makaranta, da unguwa, da cewa kullum bayan la'asar suna filin bayan masallaci. A ƙasar da ake satar yara don kuɗin fansa, wannan bayani ba na bainar jama'a ba ne. In kuma akwai 'ya'yan maƙwabta a hoton, a tambayi iyayensu tukuna. Faransa har doka ta yi a Fabrairun 2024, wadda ta ɗora wa uwa da uba tare alhakin kare hoton ɗansu, ta kuma bai wa alƙali ikon hana ɗaya daga cikinsu wallafawa ba da yardar ɗayan ba in suka saɓa.

Sannan a tuna yaron zai iya karatu nan gaba kaɗan. Shekara 13 ce ƙa'idar buɗe asusu a Facebook da Instagram a yawancin ƙasashe, kuma abin da aka wallafa yana nan yana jiransa, shi da abokan ajinsu. Hoton wankan ruwan sama tsirara, ko kafshan da ya kira shi matsoraci don ya yi kuka a kan lilo, dariyar kwana ɗaya ce a wurinmu. Shi kuwa yana iya zama sunan tsokanar da zai bi shi har sakandare.

Ƙanwata ta sa hoton a sitatus, wanda ke gogewa bayan awa 24, ba suna, ba komai, sai "Ta ce na baƙi ne." Kafin magariba gwaggonmu ta aiko da saƙon murya daga ƙauye, ta ce a gaya wa mai tuwo tana nan tafe ranar Juma'a, a ajiye mata malmala biyu.