Waiwaye: Yadda rajistar tsofaffin sassan manhaja ta zama aikin neman izini a Windows

Duk wanda ya taɓa girka tsohuwar manhajar lissafi ko ta ajiyar bayanai a sabuwar kwamfuta ya san saƙon nan da ke cewa an loda fayil ɗin amma rajistarsa ta gagara, tare da lamba irin 0x80070005, wadda ma'anarta ita ce an hana shiga. Yawancin mutane kan ɗora laifin a kan tsaron Windows, alhali tushen matsalar ya girmi tsaron da shekaru fiye da goma.

A shekarar 1993 kamfanin Microsoft ya fito da tsarin COM, wanda ya ba manhajoji damar aron sassan juna, kamar akwatin kalanda ko jadawalin bayanai, maimakon kowa ya sake rubuta nasa. Waɗannan sassa suna zuwa ne a fayilolin DLL da OCX, kuma kafin wata manhaja ta same su, dole ne a rubuta lambar shaidarsu da wurin da suke a kundin rajistar Windows, ƙarƙashin reshen HKEY_CLASSES_ROOT. Hanyar da aka saba bi kuwa ita ce a bar fayil ɗin ya yi wa kansa rajista: ƙaramar manhajar regsvr32 ta loda shi, ta kira aikin DllRegisterServer da ke cikinsa, shi kuma ya rubuta abin da ya ga dama. A Windows 95 da 98 babu wani shinge na gaske tsakanin masu amfani da kwamfuta, don haka babu mai hana shi. Visual Basic 6, harshen rubuta manhaja na Microsoft wanda ya fito a 1998, ya yaɗa wannan al'ada sosai, har aka samu ɗimbin manhajojin ofis da suka ginu a kanta.

Tun a lokacin an ga illarta. Wata manhaja ta girka sabon siga na wani fayil ta ɓata wata, ko a cire ɗaya ta share rajistar da sauran suka dogara da ita. Shi ya sa da Windows Installer, tsarin girka manhajoji na Microsoft, ya zo a 1999 tare da Office 2000, aka shawarci masu manhaja su daina barin fayil ya yi wa kansa rajista, su rubuta bayanan a cikin jadawalan kunshin MSI, wato fayil ɗin girkawa na Windows Installer, domin mai girkawa ya san abin da ya canza kuma ya iya mayar da komai yadda yake idan aikin ya tsaya a tsakiya. Windows 2000 kuma ya mayar da HKEY_CLASSES_ROOT haɗin rassa biyu, na kwamfutar gaba ɗaya da na kowane mai amfani, wanda mai shi ke iya rubutu a ciki ba tare da ikon mai gudanarwa ba, sannan Windows XP a 2001 ya kawo hanyar amfani da COM ba tare da rajista ba, inda ake bayyana sassan a wani fayil na bayani da ke zaune kusa da manhajar. Mafita uku ke nan, amma kaɗan ne suka kula, saboda a XP kusan kowa da asusun mai gudanarwa, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, yake aiki, tsohuwar hanya kuma ba ta taɓa ba su kunya ba.

Windows Vista, wanda ya isa hannun jama'a a watan Janairun 2007, shi ne ya tona asirin. Tsarin neman izini na UAC (User Account Control) da ya zo da shi ya sa ko mai gudanarwa yana tafiyar da manhajoji ne da iko irin na kowa, sai ya amince a ɗaga masa iko kafin a taɓa reshen kwamfutar gaba ɗaya ko babban fayil ɗin Program Files. An yi wa tsofaffin manhajoji sassauci iri biyu. Na farko, Windows kan yi hasashen cewa fayil mai girkawa ne, alal misali idan sunansa ya nuna haka, sai ya nemi izini da kansa. Na biyu, yakan karkatar da rubutun da aka hana zuwa wata ma'ajiya ta mai amfani da ake kira VirtualStore. Sai dai wannan karkatarwa ba ta shafi reshen da COM ke rubutu ba, kuma a nan ne mutane da yawa suka ruɗe, domin manhaja na iya adana saitinta lafiya lau amma ta kasa yi wa sassanta rajista. Waɗanda suka fi shan wahala su ne manhajojin da ke jinkirta rajistar sai ranar da aka fara buɗe su, lokacin da ikon da aka ba mai girkawa ya riga ya wuce.

Yin rajista a reshen mai amfani shi kaɗai yana kauce wa neman izini, amma shi ma yana da tarko: tun daga Vista, manhajar da aka ɗaga wa iko ba ta duba rajistar COM ta mai amfani, don kada wata muguwar manhaja ta saka nata fayil a can a loda shi da cikakken iko. A ganina wannan hukunci daidai ne, ko da yake ya sa abu ɗaya na iya aiki idan an buɗe shi haka kawai, ya ƙi aiki idan an buɗe shi da ikon mai gudanarwa.

Windows 7 a 2009 ya rage yawan tambayoyin izini, bai taɓa ƙa'idar ba. Abin da ya ƙaru shi ne ruɗanin kwamfutoci masu bit 64, inda ake da regsvr32 guda biyu: wanda ke System32 na fayilolin bit 64 ne, wanda ke SysWOW64 kuma na bit 32, saɓanin abin da sunayen ke nunawa. Microsoft ya daina tallafa wa manhajar rubuta Visual Basic 6 tun 2008, amma ginshiƙin da manhajojinsa ke gudana a kai yana nan cikin Windows 10 da 11, saboda haka har yau ana girka fayilolin OCX da aka rubuta kafin a san da UAC, kuma kowannensu yana neman rubutu a reshen da sai da izinin mai gudanarwa ake taɓawa.