Ba kuɗi ne tushen mugunta ba, son kuɗi ne

Sau da yawa za ka ji ana cewa Littafi Mai Tsarki ya ce kuɗi ne tushen dukan mugunta, har wasu su ɗauka Kirista na gaske dole ya zauna cikin talauci. An tsallake kalma ɗaya, kuma ita ce ke riƙe da ma'anar. A 1 Timoti 6:10, abin da Manzo Bulus ya kira tushen mugunta shi ne son kuɗi.

Bulus yana rubuta wa abokin aikinsa Timoti ne, wanda yake a birnin Afisa, inda wasu masu koyarwa suka mai da ibada hanyar neman riba. Wannan ne ya dame shi. A aya ta 17 da ta 18 ya juya ga masu arziki, bai ce su watsar da dukiyarsu ba. Ya ce kada su yi girman kai, kada su dogara ga abin da ba shi da tabbas, su zama masu buɗaɗɗen hannu.

A cikin Littafi Mai Tsarki ma akwai bayin Allah masu arziki. Ibrahim yana da dabbobi da azurfa da zinariya. Yusufu mutumin Arimatiya, wanda ya ba da kabarinsa aka sa Yesu, attajiri ne.

Abin da ke damuna shi ne, kuskuren nan yana sa talaka ya ga kamar gargaɗin bai shafe shi ba. Alhali aya ta 9 da masu ɗokin yin arziki take magana, ko da aljihunsu babu ko sisi.