Sidar kyanwa: me take yi wa garkuwar jikinta?

A Tawa da wuya ka ga gida mai rumbu ko shago mai buhunan hatsi babu mussa. Amma kaɗan ne suka san ita ma tana da cutar da ke karya garkuwar jiki.

Irin ta mutane ce?

'Yar uwarta ce. Sunan ƙwayar FIV, Niels Pedersen da Janet Yamamoto suka gano ta a 1986 a Kalifoniya ta Amurka. Ba ta kama mutum, ko da kyanwar ta cije ka.

Ta ina take shiga?

Galibi ta cizo, domin tana cikin miyau. Muzurun da kake jin ihunsa a kan katanga da tsakar dare, ya dawo da asuba kunne a yage, shi ya fi kowa haɗari.

Idan ta shiga, ina take nufa?

Kaluluwa take fara sauka. Nan fararen ƙwayoyin jini masu suna CD4 suke taruwa, su ne ke tsara yaƙi da cuta. Sai ƙwayar FIV ta shige cikinsu ta hayayyafa. A makonnin farko kaluluwar kan kumbura, har ka ji ta ƙarƙashin muƙamuƙi kamar ƙwayar gujiya, ga ɗan zazzaɓi. Sai komai ya lafa.

Wannan lafawar ce ta fi damuna. Shekaru ana ganin kyanwa garau tana kamun ɓera, alhali CD4 suna raguwa a hankali. Kaluluwar da ta cika ta batse a farko sai ta motse, kamar rumbun da gara ta cinye ta ciki. Saifa da ɓargo da bangon hanji ma ba sa tsira. A 'yan kyanwa kuwa, wata tsoka ta ƙirji inda ƙwayoyin CD4 ke girma su nuna, ita ma takan shanye.

Me mai gida zai gani?

Dasashi ya yi jawur, baki na wari, miyau na dalala, ta zo gaban kwano ta kasa ci. Sai rama, zawo, da miki mai ƙin warkewa. Wasu kan samu cutar kansa ta kaluluwa.

A kore ta ke nan?

A'a, don Allah. Babu maganin da ke fitar da ƙwayar, amma da yawa suna daɗewa lafiya. Likitan dabbobi ne zai tabbatar ta gwajin jini. A fiɗiye muzuru faɗa ya ragu, a tsare shi gida da dare, a daina ba shi ɗanyen nama.