Kuɗi Sun Ragu, Burin Firimiya Na Nan: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sake Gina Ƙungiya a Kaduna

Duk ƙarshen kaka, in ka zauna a majalisar masu ƙwallo a Tudun Wada ko Kawo, zancen kusan ɗaya ne. Mai ƙungiya ya ce bana ba zai iya zuba abin da ya zuba bara ba, manyan 'yan wasa sun fara tattara takalmansu, magoya baya kuwa ba su sauke buri ba, so suke a hau. Na daɗe ina bin ƙananan ƙungiyoyinmu daga fili zuwa fili, kuma waɗannan su ne tambayoyin da aka fi jefo mini.

Wai daga ina ake son hawa, kuma zuwa ina?

Ƙwallon ƙungiyoyi a Najeriya hawa-hawa ne. A sama akwai Firimiya, wato NPFL, mai ƙungiyoyi 20. Ƙasa da ita akwai NNL, wadda mutanenmu ke kira gasar 'yan dagaji, ana kuma raba ta rukuni-rukuni tsakanin Arewa da Kudu. Ƙasa da wannan sai NLO, inda yawancin ƙungiyoyin unguwa da makarantun horar da yara suke. A al'ada ƙungiyoyi huɗu ke faɗowa daga Firimiya, huɗu su haye daga NNL.

Abin da ya sa zancen ke da zafi a Kaduna shi ne mun san daɗin sama. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta kuma ɗauki kofin WAFU na ƙungiyoyin Afirka ta Yamma a 1989. Kaduna United ta doke Enyimba a bugun fenariti ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010. Kada City ta buga Firimiya a 2019. Wanda ya taɓa ganin filin wasa na Ahmadu Bello cike da jama'a saboda ƙungiyar gida, da wuya ka lallashe shi ya haƙura da 'yan dagaji.

To an rage kasafi. Me ya kamata a fara yi?

A zauna da biro da takarda kafin a kira ko da ɗan wasa ɗaya. Akwai kuɗaɗen da babu makawa sai an biya: rajistar ƙungiya da ta 'yan wasa, mota da mai zuwa wasannin waje, masauki, abinci, hayar fili, tsaro ranar wasa, magani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tafiya ya zama dodon da ke cinye kasafin ƙananan ƙungiyoyi. Zuwa Zariya, mai nisan kusan kilomita 80, tafiyar safe ce a dawo da yamma. Kano ta haura kilomita 200. In jadawali ya jefa ka Gombe ko Yola ko Maiduguri, sai kwana, kwana kuwa na mutum kusan talatin ne.

Sai an ware waɗannan gefe, abin da ya saura shi ne na albashi. Shi ma a raba shi kan watannin kaka gaba ɗaya, har da watannin shiri, a kuma ƙara wata ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana, domin ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an ɗage ranar fara gasa ana ci gaba da ciyar da yara a sansani. Abin da lissafin ya bayar a wata, shi ne iyakar ƙarfinka. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Wa za a riƙe, wa za a sallama?

Kuskuren da aka fi yi shi ne share kowa a kawo sababbi ashirin. Ƙungiyar da aka haɗa jiya ba ta san kanta ba, kafin 'yan wasan su gane juna an buga wasa biyar ko shida, kuma a gasar da rukuninta bai da yawa, makin da ya zube a farko ba ya dawowa.

Ni a ganina mutum biyar ko shida ne ƙashin bayan ƙungiya: gola, 'yan baya biyu na tsakiya, ɗan tsakiya mai tare hanya, da ɗan gaba ɗaya da ya san raga. Waɗannan a zauna da su tun kafin kaka ta ƙare, a gaya musu gaskiyar halin da ake ciki. Dokar FIFA ta ba ɗan wasa damar ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya in saura wata shida kwantiraginsa ya ƙare, don haka wanda ya jira sai an tashi daga gasa zai tarar an riga shi.

Wajen sallama kuwa, a duba mintunan da kowa ya buga bara. Za ka sha mamakin yawan masu karɓar albashi mai tsoka da suka ƙare kaka a benci ko a jinya. A sallame su da mutunci, a biya su haƙƙinsu, a ba su takardar saki. Garin ƙwallo ƙarami ne, labarin yadda ka rabu da wani shi ne zai kawo maka wani ko ya kore shi.

'Yan wasa nawa suka isa?

Ashirin da huɗu ko da biyar, ciki har da gola uku. Tun da aka tabbatar da canjin mutum biyar a wasa a 2022, benci ya ƙara daraja, amma wannan ba hujjar tara mutum talatin da biyar ba ce. Ɗan wasan da zai iya buga gurbi biyu, kamar ɗan bayan gefe da ke iya shiga tsakiya, ya rage maka albashi guda.

Ina za a samo sababbi in babu kuɗin saye?

Nan ne Kaduna ta fi garuruwa da yawa sa'a. Garin da ya fitar da Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da Sadiq Umar bai daina haihuwar 'yan ƙwallo ba. Suna nan a filayen makarantu da na unguwa a Rigasa, Badarawa, Kakuri, Unguwar Rimi da Sabon Tasha, suna kuma Zariya da Kafanchan. Ɗan gida yana kwana a gidan iyayensa, ya san zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu, kuma in yana wasa 'yan unguwarsu za su sayi tikiti su zo kallonsa.

Matsalar ita ce yadda muke zaɓe. Na taɓa tsayawa a bakin wani fili da sassafe ranar gwajin 'yan wasa. Yara sun fi ɗari biyu, wasu da takalmin aro, wani ya ɗaure tafin nasa da salatif. Aka riƙa ba kowane rukuni minti ashirin. Akwai wani siririn yaro a tsakiya, bai yi yanka ko ɗaya ba, amma kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga kafaɗarsa sau biyu, yana taɓawa ɗaya ya saki. Ba a rubuta sunansa ba. Wanda aka rubuta shi ne wanda ya yanke mutum uku ya buga sama da raga, jama'a suka yi ihu. Minti ashirin ba ya nuna maka ɗan wasa, mai burgewa kawai yake nunawa.

Hanyar da ta fi ita ce a sa mutum biyu amintattu su bi wasannin NLO da kofin jiha da gasannin unguwanni tsawon watanni, su ga yaro sau huɗu ko biyar, har da ranar da ake cin ƙungiyarsa. Sannan a gayyato 'yan kaɗan su yi mako biyu suna atisaye da manya. A nemi aro kuma daga ƙungiyoyin Firimiya da ke kusa, domin kowace na da matasan da ba sa samun wasa, kuma sau da yawa uwar ƙungiyar kan yarda ta ɗauki wani ɓangare na albashi. Abu ɗaya da zan roƙa: a rufe ƙofar alfarma. Takardar da wani babba ya aiko da ita a ɗauki ɗansa, gurbin mai ci maka wasa take cinyewa.

Tsofaffin 'yan Firimiya fa? Ba su ne suka san hanya ba?

Sun sani, kuma ana buƙatarsu, amma biyu ko uku. Wasan waje a NNL ba na yara zalla ba ne. Ana buƙatar wanda in 'yan kallo suka taso da ihu, ko alƙalin wasa ya busa abin da bai gamsar ba, zai tattaro yara ya ce su kwantar da hankali. Kafin a sa hannu a tambayi wasa nawa ya buga a kakar da ta wuce, likita ya duba gwiwa da idon sawu, a kuma tambayi waɗanda suka zauna da shi a sansani halinsa. Suna ba ya gudu a fili.

Kana yawan nanata biyan albashi kan lokaci. Har ya kai a ce shi ne komai?

A wurina shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Gara ka yi wa ɗan wasa alkawarin kaɗan ka cika ranar da ka ce, da ka yi masa alkawarin mai yawa ka riƙa ce masa ya ƙara haƙuri. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya bar mata da jariri a gidan haya, mai gida na buga masa waya, ba zai sa ƙafarsa inda za a karya ta saboda kai ba.

Na ga ƙungiyar da ta fara kaka da ƙarfi, ta ci wasanninta na farko a jere. Da aka shiga wata na uku babu albashi, ranar wata tafiya sai ga mota ta yi awa biyu a tsaye da inji a kunne, 'yan wasa na zaune a kan jakunkunansu a ƙarƙashin bishiya sun ce ba inda za su. Aka lallaɓa aka tafi da rabin bonas a hannu, aka isa cikin dare, washegari aka sha kashi. Daga ranar ƙungiyar ba ta sake komawa daidai ba, alhali 'yan wasan nan su ne dai na farkon kaka.

Akwai kuma haɗarin da ba a son faɗa: ɗan wasan da ke bin bashi shi ne wanda mai son sayen wasa ke fara nema. Ta fuskar doka ma, ƙa'idar FIFA ta ce in aka riƙe wa ɗan wasa albashin wata biyu, ya rubuto takardar gargaɗi ya ba da kwana 15 ba a biya ba, yana da hujjar soke kwantiraginsa ya tafi. Shawarata ita ce albashi madaidaici da ba zai gagara ba, sai bonas na cin wasa da za a biya a cikin makon, sai babban tukuici da aka rubuta a takarda in an hau. Kuɗin sa hannu mai yawa a farkon kaka shi ke busar da asusu kafin a kai tsakiya.

Wane irin koci, wane irin wasa?

Kocin da ya san rukunin, ya san filayen, kuma yana da haƙurin koyar da matasa. A ba shi aƙalla mako shida na shiri, ba a fafe gora ranar tafiya. Filaye da yawa a wannan mataki ba sa ba da damar a shimfiɗa ƙwallo a ƙasa yadda ake gani a talabijin, don haka a ƙarfafa baya, a ba bugun kwana da bugun tazara lokacinsu a kowane atisaye, domin horo kawai suke ci, ba sa cin kuɗi. A ci wasannin gida, a je waje a ƙwato canjaras. Kuma a ja kunnen magoya baya: a kakar 2022 da Kano Pillars ta faɗi, har da makin da aka zare mata saboda hatsaniya.

Ban da aljihun mai ƙungiya ko gwamnati, akwai wata hanyar samun kuɗi?

Akwai kuɗin ƙofa, akwai 'yan kasuwar gari da za su iya ɗaukar abu guda, wani ruwan sha, wani man mota, wani jesi. Wannan ya fi sauƙin samu a kan neman mutum ɗaya ya ɗauki komai.

Wadda aka fi sakaci da ita kuwa ita ce rajistar yara. A tsarin FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ko tsakanin ƙungiyoyi biyu na ƙasar da ba a cikinta aka rene shi ba, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin wannan kuɗi ya kai wa masu shi, amma da abin da ke rubuce yake aiki. In yaro ya yi shekara huɗu a hannunka ba ka yi masa rajista ta hukumar ƙwallon jiha da ta ƙasa, wato NFF, ba, a idon tsarin bai taɓa zama naka ba. Dubi Sadiq Umar, wanda ya tashi a Kaduna ya bi ta Italiya da Sabiya har Real Sociedad ta saye shi daga Almeria a 2022. Duk irin wannan ciniki akwai rabon masu reno a ciki, ga wanda ya ajiye takarda. A kuma rubuta kaso na cinikin gaba a duk yarjejeniyar sayar da matashi, a bar shekarun yaro yadda suke, domin ƙaryar shekaru kan fito daidai lokacin da ciniki ya kusa faɗawa.

A kaka ɗaya za a iya hawa?

Ana iyawa. Pillars ta faɗi a 2022 ta dawo a 2023, amma ita tana da gwamnatin jiha a bayanta da jama'ar da ke cika filin wasa na Sani Abacha. Ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi ta fi kusa da labarin Remo Stars ta Ikenne, wadda ta hau Firimiya ta faɗo har sau biyu, ta koma ta gina filinta da makarantar renon yaranta, ta sake hawa a 2021, sannan ta ɗauki kofin Firimiya a 2025. In ni ne, zan gaya wa magoya baya tun ranar farko cewa shirin na kaka biyu ne: ta farko a tsaya cikin na sama a rukuni, a gano mutum goma sha biyar da za a riƙe, a ba matasan cikinsu kwantiragin shekara biyu ko uku. In dama ta zo a kakar farko, a kama ta. In ba ta zo ba, a buɗe sansanin kaka ta biyu da mutum goma sha biyar ɗin nan, a nemo tara ko goma kawai a ƙara.